Sunan Batulu a Waya Ɗari Uku da Sha Biyu

Akwai wani ɗan kasuwa a Gadarif ta ƙasar Sudan, ana ce masa Uzairu ɗan Alhaji Cindo. Ya gaji mahzan biyu, wato ɗakunan ajiyar riɗi, a bakin kasuwar amfanin gona, ɗaya a gabas, ɗaya a yamma. Mata arba'in ne suke rairaye masa riɗin da garbal, wato rariya, su fitar da yashi da ƙaiƙayi, kafin a ɗura a buhu a kai Bur Sudan.

Shugabar matan nan ita ce Batulu. Shekara ashirin da shida ta yi a mahzan ɗin, tun Uzairu yana yawo ba wando. Hala Batulu yake ce mata, wato Inna Batulu, ita kuma ta ce masa ɗana.

A unguwarsu tana da wani aikin da ba a biya. Ita ce mai wankan gawar mata. Kun san ba a ba da wannan aiki sai ga wadda aka yarda da hannunta da bakinta. Batulu ba ta da gona, ɗakin da take ciki ma na haya ne. Sunan kirkin nan shi ne duk abin da ta tara a duniya.

Zan ba Uzairu haƙƙinsa, don kada a ce na ƙara gishiri. Yana da kai. A zamanin mahaifinsa, in aiki ya taso sai a tura mutum a keke ya bi gida gida. Lori kan kwana biyu yana jiran kaya. A shekarar 2009 Uzairu ya shiga tsarin da ake tura saƙo ɗaya ya shiga wayoyi da yawa a lokaci guda. Ya tara lamba ɗari uku da sha biyu: manoman Fashaga da Mafaza, direbobi, dillalai, masu saye na Bur Sudan, da matan garbal. Wadda ba ta da waya, aka sa lambar mai kantin unguwarsu.

Kafin kaka ta ƙare aikinsa ya ninka. Manomi ya san farashi kafin ya ɗauko kaya. Direba ya san ƙofar da zai tsaya. Manyan 'yan kasuwa masu furfura suka riƙa zuwa yana nuna musu yadda ake yi. Ba ni da rigima da ko ɗaya daga cikin wannan.

Wata Juma'a da hantsi, babban mai sayensa ya bugo daga Bur Sudan. Cikin buhu ɗari biyu da aka kai, sittin cike suke da yashi da ƙaiƙayi. Mutumin ya yi masa tas, ya kashe waya.

Uzairu bai kira kowa ba. Bai leƙa mahzan ba. Bai tambayi direba ba. Ya zauna ya rubuta saƙo, ya danna.

Batulu ba ta karatu. Da wayarta ta yi ƙara, sai ta yafa tob, mayafin matan ƙasar, ta nufi kantin Sharu kamar yadda ta saba, don shi yake karanta wa matan unguwa saƙo. Akwai mata suna sayen sukari, ga maza a benci suna shan jabana, wato gahawa.

"Sharu, ga risalar ɗana ta zo. Karanta mana mu ji ko gobe za mu sha ƙura."

"Hajiya, ke kam sai kin gaji mahzan ɗin nan."

"Kai dai karanta, malamin sukari. Ka ɗaga murya, ga 'yan'uwana nan su ma su ji."

Sharu irin masu karatun nan ne da suke bin kalma ɗaya bayan ɗaya, idonsu ba ya riga bakinsu. Ya gyara tabarau ya fara:

"Sanarwa ga abokan hulɗarmu. Mun gano wadda take satar riɗinmu tana cika buhu da yashi. Sunanta Batulu Adamu, shugabar masu garbal..."

Ya tsaya. Amma sunan ya riga ya fita. Wani daga kan benci ya ciro tasa wayar, ya ƙarasa da kansa: "Mun kore ta daga yau. Kowa ya yi hattara da ita."



"Sake karantawa," in ji Batulu.

"Hajiya..."

"Na ce ka sake. Wataƙila wata Batulun ce."

Sharu ya miƙa mata wayar, kansa a ƙasa. Ta karɓa ta fita. Matan da suka sha ƙura tare da ita suka matsa gefe suka ba ta hanya, babu wadda ta bi ta.

Kun san me kalmar sata take jawowa a ƙasar nan. A kai mutum gaban alƙali da safe, kafin la'asar an shimfiɗa shi an yi masa bulala. Kwana uku Batulu ta yi da tob a jikinta tana jiran motar da za ta zo ɗaukarta. Ba ta zo ba, domin Uzairu bai kai ƙara ba. Ba shi da shaida ko ɗaya, kuma ya san a can za a tambaye shi.

Rana ta huɗu ta je mahzan. A bakin ƙofa ya tsayar da ita, gaban masu dako.

"Uzairu, ni ce fa. Ni na goya ka wata biyu lokacin da uwarka take kwance a asibiti."

"Shi ya sa ban kai ki hukuma ba. Ki gode Allah, ki bar mini ƙofa."

Bayan kwana tara direbansa Mato ya dawo, lorinsa ne ya lalace a hanyar dawowa. Ya shiga ofis ko ruwa bai sha ba, ya ajiye waya a kan tebur.

"Maigida, duba wannan."

Saƙon Uzairu ne da kansa, na ranar da aka yi lodi: "Ka ɗauki buhu ɗari da arba'in a mahzan na yamma, sittin a na gabas." A mahzan na gabas kuwa riɗin da aka kawo daga gona ne, garbal bai taɓa shi ba.

"Sau biyu na kira ka in tambaya," in ji Mato. "Ba ka ɗauka ba. Ga amsarka nan a ƙasa: yi abin da na rubuta."

Uzairu ya karanta sau biyu.

"Share shi."

"Maigida, tsohuwar nan fa..."

"Na ce ka share."

Mato ya ɗauki wayarsa ya sa a aljihu. Bai share ba.

Da yamma Uzairu ya rubuta wani saƙon: "Ma'alesh Hala, an samu kuskure. Ki dawo aiki ranar Asabar." Ya tura wa lamba ɗaya.

Ina so ku riƙe wannan lissafi da kyau. Zargi ya shiga waya ɗari uku da sha biyu. Ban haƙuri ya shiga waya guda.

Kwana biyu Batulu tana yawo da saƙon, tana tsoron ba wa kowa ya karanta. Daga baya ta kira Sharu bayan kanti ya karanta mata a hankali. Ta wuce wurin Uzairu kai tsaye. Wannan karon har kujera ya ba ta.

"Mutum nawa ka aika wa risalar farko?"

"Hala, abin ya wuce."

"Ta biyun fa?"

"Ai ke abin ya shafa."

"To ka aika musu su ma. Layi ɗaya. Ka ce Batulu ba ta yi sata ba."

Uzairu ya yi dariya. "In rubuta wa mutanen Bur Sudan cewa ban san gabas da yamma a mahzan ɗina ba? Wa zai sake saye a hannuna? Ni suna gare ni a kasuwa, Hala. Ke mutum nawa suka san ki? Nan da sati an manta."

Ya sa aka kawo buhun dawa da sabon tob aka ajiye a gabanta. Ta dube su, ta dube shi, ta tashi ta fita hannu rabbana.

Ba a manta ba.

Wata guda bayan haka Jummare ta rasu, ƙawar Batulu ta shekara arba'in. Tun tana kwance ta faɗa a gaban 'ya'yanta cewa Batulu ce za ta wanke ta. Batulu ta ɗauki ganyen magarya da kafur da turare ta tafi. A ƙofar ɗakin Lauratu, babbar 'yar mamaciyar, ta tare ta.

"Inna Batulu, an riga an kira wata."

"Lauratu, uwarki wasiyya ta bar mini. Kina wurin."

"Na sani, Inna. Amma akwai awarwaron zinariya a hannunta, ba a cire ba tukuna. Dangin Baba da suka zo daga Mafaza sun ce..."

Batulu ta kwance bakin tob ta ciro wayarta.

"Ga shi nan ya ce kuskure ne. A kira mai karatu."

Wata tsohuwa daga cikin baƙin ta amsa daga ɗaki, ko leƙowa ba ta yi ba: "Wannan ke aka turo wa, baiwar Allah. Mu wadda ta zo wayar ɗana daban take."

A tabarmar baƙi Batulu ta zauna, ƙunshin magarya a cinyarta, tana jin zubar ruwa a bayan labule har aka gama. Tun daga ranar ba a sake kiranta wankan gawa a unguwar ba.

Da Mato ya ji abin da ya faru a gidan makoki, sai ya ɗauki wayarsa ya kai wa matan garbal, aka karanta musu. Cikin makon nan Uzairu ya samu babbar oda, jirgin ruwa zai tashi bayan kwana goma. Ya tura saƙo: gobe akwai aiki.

Mata talatin da tara suka zo. Suka zauna a inuwar mahzan, kowacce ta kife garbal a gabanta. Mafi tsufa a cikinsu ta ce:

"Ɗan Alhaji, ka tura risalar wanke Batulu mu tashi. Kafin jabanarka ta huce an gama."

"Ku za ku koya mini yadda zan tafiyar da kasuwata?"

"A'a. Gabas da yamma kawai za mu koya maka."

Masu dako suka fashe da dariya. Uzairu ya shiga ofis ya kore su duka, korar ma ta saƙo, alhali suna zaune taku goma daga ƙofarsa. Ya kori Mato. Ya ɗebo sababbin hannu waɗanda ba su san riƙon garbal ba. Jirgi ya tashi rabin kayan bai isa ba, rabin da ya isa aka dawo masa da shi.

Direbobi kuma suka yi ta tura wa juna saƙon lodin nan, daga wannan waya zuwa waccan, har ya kai Bur Sudan. Wani manomin Fashaga ya ce a kasuwa, "Wanda ya rataya wa uwar goyonsa sata, shi zai faɗa mini gaskiyar farashi?" Uzairu ya ci gaba da turawa, mutane suna gani suna mayar da waya aljihu. Cikin kaka biyu ya sayar da mahzan na gabas, na yamma ya bi baya. Yau dillanci yake yi a inuwar kantin wani.

Kada ku yi saurin cewa alhamdu lillahi, an rama mata. Ba a rama mata komai ba. 'Yan kasuwa sun san gaskiya, amma a unguwa har yau akwai masu cewa ruwa ba ya tsami banza, in da ba ta yi ba ai da mai mahzan ya janye maganarsa da bakinsa. Batulu ta koma Mafaza wurin 'yar ƙaninta. Da aka kai mata labarin karyewar Uzairu, cewa ta yi:

"Me zan yi da faɗuwarsa? Ni sunana nake nema."

Shekara bakwai ke nan. Sau uku na je wurinsa da kaina. Zuwan ƙarshe ya ce mini, "Ustaz, lambobin nan rabinsu ma sun daina aiki."

Na ce, "Rabin ɗari uku da sha biyu, ɗari da hamsin da shida ne. Su fa?"

Ya ce zai duba. Batulu tana da shekara saba'in da ɗaya, idonta ɗaya ya riga ya tafi. Har yanzu yana dubawa.

Darasi: Saƙon waya alheri ne ga ɗan kasuwa, amma ba kotu ba ne. Kada ka tura sunan mutum sai ka bincika. In kuma ka ɓata shi a gaban mutane, to a gaban mutanen nan za ka wanke shi, ɗaya bayan ɗaya, ba a bayan kanti ba. Ku tura wannan labari ga duk mai tara lambobin jama'a a wayarsa, ku ci gaba da turawa har ya shiga wayar mutumin da tsohuwar Mafaza take jiran layi ɗaya daga hannunsa.