Ranar Hawan Turmi

An ce wani sarki ya gaji wata babbar makaranta daga kakanninsa, inda ɗalibai ke zuwa daga ƙasashe masu nisa don neman ilmi. Makarantar tana da wata tsohuwar al'ada. Ƙarshen kowace shekara, in an gama jarrabawa, sai a kife turmi a tsakar fili, ɗalibi ya hau ya faɗi abin da ke ransa a kan kowa, malami ko basarake, ba mai kama shi. Mutanen gari kuwa sukan cika wurin don kallo.

Wata shekara wani ɗalibi mai kaifin baki, sunansa Salmanu, ya hau turmi. Ya kwaikwayi yadda sarki ke gyangyaɗi ana tsakiyar shari'a, in ya farka ya ce, "Madalla." Aka yi dariya har da faɗuwa. Da ya ji daɗin tafi, sai ya zarce. Ya toshe hanci, ya ce in iska ta kaɗo daga unguwar majema, ko tsuntsu sai ya sake hanya. Majeman da ke wurin suka kama hannun 'ya'yansu suka fita.

Labari ya kai fada, ran sarki ya ɓaci ƙwarai. Sarakuna, Allah ya ba su haƙuri, sun fi jure wa mashi a kan dariya. Amma kunya ta hana shi cewa don kansa yake fushi. Saboda haka da dattijon majema, Tanimu, ya kawo kuka, sai sarki ya ji sanyi, ya samu hujja. Ya sa aka kira shugaban makarantar, Malam Hudu, tsoho ne mai kwana a zaure ɗaya da littattafansa.

Sarki ya ce, "Ɗalibinka ya ci mutuncin talakawana. Zan kore shi, in sa a faskare turmin nan."

Malam Hudu ya ce, "Ya sarki, mutum nawa yaron ya taɓa?"

"Biyu. Ni da majema."

"Abin da ya faɗa a kan sarki, sarki na iya gyarawa?"

Sarki ya ce, "Ina iyawa."

"Abin da ya faɗa a kan majema fa?"

"Ba su iyawa. Sana'arsu ce, da ita suke ci."

"To ya sarki, na farko nasiha ce, na biyu cuta. Wanne daga ciki ya sa aka ɗauko gatari?"

Sarki ya murtuke fuska ya ce, "Cutar mana!"

Malam Hudu ya ce, "In haka ne, ga wanda aka cuta nan zaune. A tambaye shi."

Sarki ya dubi Tanimu, ba ya shakkar amsar da zai ji. Dattijo ya gyara durƙuso ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi abin ya yi mana ciwo. Jikata tun ranar ba ta yarda ta fita wasa ba. Amma kada a taɓa turmin nan. A duk shekara, ranar ce kaɗai talaka ke jin an gaya wa manya gaskiya a fili. Mu ba mu zo a rufe bakin yaron ba. Mun zo a bar mu mu ma mu hau, mu tambaye shi, fatar da ke rufe da littafinsa wa ya jeme ta."

Kunya ta rufe sarki, domin ya gane hawayen majema ya ara don ya wanke nasa fushin, ga shi kuma masu hawayen sun karɓe abinsu a gaban jama'a.

Can ya nisa ya ce, "Salmanu ya zauna a makaranta. Gobe a sake kife turmi, Tanimu ya hau, yaron ya tsaya ƙasa ya saurara har ƙarshe. Daga yau, duk wanda aka ambata a kan turmi yana da ikon hawa ya amsa." Sai ya juya ga malamin ya ce, "Ni ma ke nan sai in hau?"

Malam Hudu ya yi murmushi ya ce, "A'a, ya sarki. Sarki da aiki yake amsawa."

Sarki ya sunkuyar da kai ya ce, "Yau na koyi abin da ban sani ba. Mai adalci ba ya rufe bakin da ya yi magana, sai dai ya buɗe wanda aka hana."