Koriyar Fitilar Tasi'u

Da Tasi'u ya dawo Haɗeja bayan shekarun da ya kwashe a Legas, ya tarar an sare tsamiyar ƙofar gidansu, mai shayin bakin tasha ya koma cajin waya, yaran da ya bari da kamfai sun fitar da gemu suna ce masa "Yallaɓai". Abu guda ya kawo shi: matarsa Shamsiyya, da ta zo gida goyon ciki, ta sauka lafiya, an samu namiji. Saura ƙiris kuwa yaron ya zo duniya maraya.

Ga yadda aka yi. Tasi'u injiniya ne a wani katafaren kamfanin fasaha, daga ɗakinsa yake aiki. A can kowane ma'aikaci na da 'yar fitila kusa da sunansa a allon kwamfuta. In koriya ce yana bakin aiki, in ta dushe ya tashi. Shi kuwa mutum ne da ba ya iya zama wuri guda, sai ya ɗora linzamin kwamfutarsa, wato maus, kan agogon hannu. Tsinken agogo na motsi, kwamfuta na ɗauka hannunsa ne ke motsa linzamin, fitila na nan koriya shar, ko da yana bakin titi yana cin gasasshiyar masara. Wata safiya ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya jawo janareta baranda ya rufe tagogi. Hayaƙi ya shimfiɗe shi ƙasa. Fitila kuwa tana nan koriya.

Abokan aikinsa uku ne suka yi sanadin tsirarsa. Na farko shi ne Mika'ilu, Bakatsine, abokin tsokanarsa. Da ba a ga Tasi'u a taron safe na bidiyo ba, shugabarsu ta ce, "Fitilarsa koriya ce, aiki ne ya riƙe shi." Mika'ilu ya tura masa saƙo: "Bahaɗeje, kifi ne ya shaƙe ka?" Shiru, daga mutumin da bai taɓa barin tsokana ta wuce bai rama ba. Nan Mika'ilu ya tona asirin agogo a gaban kowa, alhali ya san in ta tabbata lafiya lau ne, ya jawo wa amininsa kora.

Na biyu Abdulwahab, mutumin Ilori, na sashen tsaro. Tasi'u ya sake gida bai gaya wa kowa ba. Ana iya gano inda kwamfutarsa take, amma dokar kamfani ta hana leƙawa sai da izinin manya, manyan kuma suna wata nahiya, ba a same su ba. Abdulwahab ya cire katin aikinsa daga wuya ya ajiye a tebur, ya ce, "In za su kore ni, su kora." Ya leƙa, ya fitar da unguwa da gida.

Na uku Idrisa, Babarbare, wanda ko gaisawa ba sa yi tun da aka ba Tasi'u muƙamin da shi ya nema. Shi ne mafi kusa da gidan, sai aka tura masa kwatance. Ya ratsa ambaliya iya ƙugu, ya banke ƙofa har kafaɗarsa ta goce, ya kutsa cikin hayaƙi ya jawo shi waje da hannu ɗaya.

Allah ya sa da sauran kwana. Kamfani ya ja musu kunne su huɗu, bai kori kowa ba. A gadon asibiti Tasi'u ya yi alkawarin in ya samu ɗa, sunan wanda ya cece shi zai ci.

To gobe ne suna. Mahaifinsa ya leƙo ɗaki ya same shi yana cusa kaya a jaka.

"Kai dai ba ka zama! Ba a yanka rago ba har ka fara haɗa kaya?"

"Baba, hutun ya ƙare. Ana watsewa zan kama mota."

"To da safe liman zai tambaye ni suna. Ɗaya ake raɗawa, ba uku ba."

Daga ƙuryar ɗaki Shamsiyya ta ce, "Ko wa ka zaɓa na yarda. Amma agogon nan ba zai koma Legas ba, na ɓoye shi."

Tasi'u ya yi dariya, ya ja zif ɗin jaka, sannan ya zauna a kanta ya yi tagumi.

To jama'a, ku taya shi. Wanda ya ƙi yarda da koriyar fitila, ko wanda ya ajiye aikinsa a tebur, ko wanda ya shiga hayaƙi don mutumin da ba sa ga-maciji: sunan wa za a raɗa wa yaron nan?