Shingen Ƙyarana da Kabarin Timoti

Shehinmu, Allah Ya ƙara masa yarda, malami ne da ya haɗa zurfin ilimi da tsoron Allah, mai tsantsenin da ko ruwan rijiyar wani ba ya alwala da shi sai da izini. Na daɗe ina ɗaukar karatu a gabansa a Janfalan, kuma cikin karamominsa da na gani da idona, babu wadda har yau take tafasa mini zuciya kamar ta shingen ƙyarana.

Ƙyarana tsiro ce mai gaɓa-gaɓa, duk inda gaɓa ta faɗi nan take yin saiwa, shi ya sa muke shinge da ita tsakanin gonaki. To wani mai gonar rake, Inuwa, wanda Allah bai sa wa wadatar zuci ba, ya mai da wannan ni'ima hanyar sata. Duk shekara sai ya sassare gaɓoɓi ya jefa ɓangaren maƙwabciyarsa, in sun kama ya tumɓuke tsofaffin da ke nasa ɓangaren, shinge ya riƙa tafiya kamar mai ƙafa. Maƙwabciyar ita ce Rosaline, da muke kira Maman Diana, Kirista daga kudancin Kaduna, wadda aka binne mijinta Timoti a gefen gonarta. Da shingen ya tsallake kabarin, Inuwa ya sa garmar shanu ya baje tudun, ya dasa rake a kai.

Ta kai kuka wurin dattawan unguwa, mutanen da suka tsaya a wurin ranar da aka binne Timoti, suka sunkuyar da kai suka ce ai shinge shi ne shaida. Wallahi in na tuna fuskokinsu raina ɓaci yake, gemu fari fat amma babu kunya, don kawai ita baƙuwa ce, Inuwa kuma yana aika musu mazarƙwaila.

Ta zo ƙofar zauren Shehi ta durƙusa, bayan doguwar gaisuwa ta ce, "Baba Malam, ba gonar nake nema ba, ya ci. Ban san inda mijina yake kwance ba."

Mu almajiransa muka zabura muka ɗauko adduna za mu je mu sare shingen, Shehi ya ce, "Ku ajiye. Ruwan ƙyarana yana makantarwa, fushi ma haka." Ya taka da ƙafarsa har gonar, muka tarar da Inuwa, ya zube yana cewa, "Allah gafarta Malam, ga shinge nan yadda na gada." A gaban waliyyin Allah ya shirga wannan ƙarya ko ƙifta ido bai yi ba. Shehi ya dubi ƙyaranar ya ce, "Ita ma baiwar Allah ce, za ta faɗi abin da ta sani." Ya ɗaga hannu ya yi addu'a a ɓoye, muka shafa.

Kafin Juma'a ta zagayo, ƙyaranar da fari ba ya kashewa ta yi rawaya, ta ruɓe kamar kabewa ta zube. Can tsakiyar raken kuma sababbin gaɓoɓi suka tsiro a jere bisa tsohuwar iyaka, sai a wuri guda layin ya karkata ya kewaye fili daidai tsawon mutum a kwance. Inuwa ya sare rakensa ya ja baya, ba tuba, ba neman gafara. Dattawan nan kuwa yanzu su ne kan gaba wajen ba da labarin, kamar da bakinsu aka yi gaskiyar.

Da Maman Diana ta iso, ta tsallaka cikin kewayen ta durƙusa, ta dafa ƙasa da hannu biyu tana kiran sunan Timoti. Shehi ya juya mata baya, ya ce mana, "Mu tafi, ta sami nata."

Tsarki ya tabbata ga Allah da Yake sa tsiro ya ba da shaida inda dattawa suka yi shiru. Ya Allah Ka ƙara wa Shehinmu daraja, Ka lulluɓe mu da albarkarsa, kada Ka tashe mu cikin masu sunkuyar da kai, amin.