Jirgin Da Aka Shafa Wa Fenti

To jama'a, ku matso ku ji wannan, don ni kaina abin ya sa ni tunani.

Akwai wani mutum a bakin kogi da yake da tsohon jirgin katako mai inji. Shekara da shekaru yana ƙetarar da mutane ranar kasuwa, har jirgin ya gaji. Ruwa yake sha, injin kuma sai an ja igiya sau goma kafin ya yi tari. Sai ya jawo shi kan yashi, ya ce zai sayar ya sayi bijimin sa ya koma noma. Ga shi damina ta ƙarato. In kogi ya cika, tafiya zai yi da jirgin nan, ba jirgi ba sa.

Ana nan sai ya ji labarin wani tsoho a ƙetare, wai aikinsa ke nan, sayen matattun jirage ya gyara. Ya aika masa.

Kun san me ya yi kafin tsohon ya zo? Kunya ce ta kama shi. Ya cusa tsumma a duk inda katako ya buɗe baki, ya sayo fenti shuɗi ya shafe. Injin ma ya wanke shi da kananzir, sai ƙyalli.

Matarsa ta ce, "Baban Tabita, sayar da shi za ka yi ko aure za ka yi masa?"

Ya ce, "Ke dai sa ido."

Tsoho ya zo da 'yar wuƙarsa a aljihu. Ya zaga jirgin, ya ƙwanƙwasa nan, ya sunsuna can. Ya ce, "Ɗana, ba ce mini aka yi yana neman gyara ba? Wa ya yi masa haka?"

"Ni ne, Baba. Don ya yi kyan gani."

Tsoho ya girgiza kai. "Ni da ido nake sayen jirgi. Inda katako ya yi baƙi, nan ya ruɓe. Inda mai ya zubo a jikin inji, nan ciwon yake. Yanzu ka rufe mini duka. In na gyara tara na bar ɗaya ban gani ba, wata rana mutum ashirin ne a tsakiyar ruwa." Ya juya zai tafi.

Kai! Mutumin nan ya dubi sama, ga hadari. Ya ce, "Baba, ara mini wuƙar."

Da hannunsa ya shiga kankare fentin. "Nan dutse ne ya buge shi. Nan gara ce." Tsoho ya tsuguna yana leƙawa, "Yauwa. Wannan fa, tun yaushe?" Haka har suka kai wani rami a ƙasa da ya toshe da guntun silifas. Mutumin ya sunkuyar da kai. Tsoho ya kwashe da dariya, ya ce, "Ai wannan ma shi ne mai sauƙin." A ranar ya saya.

Ma'anar wannan misali ita ce, jirgin nan ni ne, kai ne, ke ce. Tsohon kuma Ubangiji Yesu ne. Ya san mun lalace tun kafin ya ƙetaro, don gyaran ma ya zo. Amma mu fa? Ranar Lahadi sai mu sha ado, mu ɗaga murya a waƙa, in an ce yaya gida mu ce lafiya lau, alhali ƙarya da fushi da 'yar satar nan suna ciki an cusa musu tsumma. Ko a addu'a ma fenti muke shafawa.

Ni dai abin da nake ta tambayar kaina shi ne, wa muke ɓoye wa? Yau in za ka yi addu'a, fara da wurin da ka fi jin kunya. Kira shi da sunansa, ka ce, "Ubangiji, ga shi nan."