Ranar da Aka Juya wa Sarki Magana

"Wa ke yi wa sarki shari'a?"

An ce wannan tambaya Tabawa ta jiyo daga zaure, a zamanin da ganuwa ke tsaye, ƙofofin gari na da masu tsaro. Mai tambayar kuwa sarki ne da kansa, ya zo wurin surukinta Malam Nadabo, tsohon da kunnensa ya yi nauyi. Kowa ya tafi gona, sai ita amarya, wadda ko ɗaga ido ba ta iya yi gaban manya.

A al'adar fadar nan talaka ba ya magana da sarki, sai ta bakin bafade. Ta haka aka juya maganar Nomau, wan Tabawa, har aka yanke ranar Juma'a a kore shi daga gari, gonarsa ta koma hannun bafaden.

Malam ya ce, "Tabawa, zo ki ara mini kunne."

Ta durƙusa kusa da shi, ta maimaita masa tambayar.

Malam ya ce, "Ya sarki, Wanda ke tsaye tsakiyar fadarka kullum, kuna yanke hukunci Yana yanke naku."

Sarki ya ce, "Gaya masa ban taɓa zaluntar kowa da sanina ba."

Tabawa ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, wai bai taɓa sauraron kowa da kunnensa ba."

Sarki ya daka tsawa, "Ke yarinya! Ba haka na faɗa ba!"

Malam ya yi murmushi ya ce, "Wannan kam na ji, ranka ya daɗe. Sau ɗaya aka juya maka magana, ihunka ya huda kunnen kurma. Na talakawanka a ƙofar fada yake tsayawa, daga nan ya wuce sama. Can kuwa ba bafade."

Sarki ya dubi ƙasa. Sa'an nan ya ce, "Hukuncin da ba a ji mai shi ba, a wuyan mai yankewa yake kwana."

Kafin Juma'a aka kira duk wanda aka yanke wa hukunci ya faɗi tasa da bakinsa. Nomau ya koma gonarsa.

Malam ya riƙa ba baƙi labari yana dariya, wai tsabar kunya ce ta sa harshen surukarsa ya karkace, Allah Ya yi ikonSa. Tabawa na tankaɗe a tsakar gida, tana jinsu. Ita kaɗai ta san harshenta bai karkace ba, ta kuwa ƙudurta ko mijinta ba zai ji ba.