Fushin da Ba a Yi wa Shela Ba

Wai an yi wani maigari, Jatau, mai saurin firgita. Ya kafa doka cewa kada wani abu ya ƙara faruwa kwatsam a garinsa, sai sanƙira ya yi shela tukuna. Wanda ya karya, bulala.

Ran nan yana wucewa, bunsurun Ladingo mai daddawa ya yi atishawa. Maigari ya zabura har rawani ya faɗi.

Ya daka mata tsawa, "Ke! Wa ya yi shelar atishawar nan?"

Ladingo ta durƙusa. "Babu, ranka ya daɗe, na amsa laifina. Amma wannan fushin naka fa, wa ya yi shelarsa? Mu dai kwatsam muka gan shi. Da ni za a fara bulalar ko da kai?"

 Maigari ya sa sanƙira ya zaga gari yana shela: gobe da hantsi maigari zai yi fushi.

Da gari ya waye, jama'a suka zo kallo da tabarminsu. Maigari ya ɗaure fuska, ya kumbura kumatu, fushi ya ƙi zuwa. Sai dariya ta kuɓuce masa.

Ladingo ta ce, "Ranka ya daɗe, ita ma wannan ba mu ji shelarta ba."