Yadda Duna Ta Tare a Cikin Dutse

Dalilin da ya sa ake samun funfuna a cikin duwatsun ƙarshen duniya, inda ƙanƙara ba ta narkewa, ya faro ne daga wata gardama a gindin rumbu.

A da can, Funfuna da 'ya'yanta ba su san sanyi ba. Inda duk abinci ya kwana ya lalace, nan ne gidansu. Cikin 'ya'yan akwai wata baƙa wuluk mai suna Duna, mai tsantsami. Wata rana aka zuba mata tuwon da ya yi kwana uku, ta ture.

"Inna, ni na gaji da cin ruɓaɓɓe."

Uwar ta ce, "To, ki nemi inda abu ba ya ruɓa."

Duna ta hau bayan Iska. Suka yi ta tafiya kudu, suka wuce daji, suka haye teku, har Iska ta sauke ta a wata ƙasa fara fat, ta yi gaba abinta. Babu abin da ke ruɓa a can, don babu abin da ke tsirowa. Yunwa ta kama Duna, sanyi ya shiga tsattsaga mata jiki.

A gefen wani dutse ta tarar da Gansakuka, koriya, ta kusa bushewa.

Gansakuka ta ce, "'Yar'uwa, na iya girki da hasken rana, amma ranar nan ta fi ƙarfin fatata."

Duna ta ce, "Ni fatata ta jure, girkin ne ban iya ba."

Suka yi wa Dutse sallama, suka roƙi masauki.

Dutse ya ce, "Ba na saukar da baƙo kyauta. Shekara dubu cikina yana ƙaiƙayi, ban sami mai sosa mini ba. In za ku sosa, ku shigo. Amma ƙofata ta shiga ce kawai."

Duna ta dubi arewa, ta tuna ɗumin rumbu. Iska kuwa ba ta da niyyar komawa. Sai Duna ta kama hannun Gansakuka, suka kutsa ta wata 'yar tsaga. Duna ta kwanta a sama ta tare zafin rana, Gansakuka ta ɗora girki a ƙarƙashinta.

Shi ya sa har yau, in aka fasa dutsen wannan ƙasa, sai a ga baƙin layi a sama, kore a ƙasansa, bayan dutsen kuma yana ɓarewa kaɗan-kaɗan. Susar ce ba su gama ba.